Yadda ake sayen saksofon na koyo, a shago ko ta intanet

Saksofon ɗina na farko ta intanet na saye shi, a hannun wani mai talla da ban taɓa sa shi a ido ba. Ya iso yana ƙyalli kamar gwal, cikin akwati mai laushi, har da farar safar hannu a matsayin gyara. Wata biyu na yi ina fama da shi. Sautukan tsakiya suna fita lafiya, amma da na gangara ƙasa sai ya kama gurnani, ko ya yi tsalle ya koma sama da wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na ɗora wa kaina laifi, na ce numfashina ne bai kai ba. Sai ranar da aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda. Ko busawa bai yi ba. Ya kashe wutar ɗakin, ya zura wata 'yar fitila mai igiya a cikin ƙahon, ya danne maɓallan. Haske ya riƙa tsiyayowa ta gefen huɗu daga cikinsu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba bakinka ba ne. Abin nan yoyo yake kamar kwando."

Saksofon bututun tagulla ne mai ramuka fiye da ashirin, kowane rami da murfinsa, kowane murfi kuma da faifan fata a cikinsa wanda ke toshe ramin idan an danna. In ɗaya ya kasa rufewa ruf, ko da kaurin gashi ne, duk sautukan da ke ƙasa da shi sun shiga wahala. Gwani yana jin yoyo nan take. Ɗan koyo ba ya ji, kansa yake zargi, wani ma har ya ajiye busar gaba ɗaya. Saboda haka duk matakan da ke tafe kan abu ɗaya suke zagayawa: yadda za ka tabbatar abin da ka biya kuɗi a kansa yana riƙe iska, da inda za ka nufa in bai riƙe ba.

Mataki na farko: ka tsayar da irin da kake so

Iri huɗu ne aka fi gani: sofrano, alto, teno da baritan, daga ƙarami zuwa babba. Ka sayi alto. Nauyinsa wajen kilo biyu da rabi ne, yatsun yaro ɗan shekara goma suna iya kai wa maɓallansa, ba ya cin iska kamar teno, kuma shi ya fi yawa a kasuwa, don haka kayan gyaransa da na hannunsa ba sa wuyar samu. Da yawa suna zuwa da sha'awar sofrano, miƙaƙƙen nan irin na Kenny G, mabushin nan ɗan Amurka, suna zaton ƙanƙantarsa sauƙi ce. Ba haka ba ne. Shi ya fi kowanne wuyar daidaita sauti, leɓenka ya ɗan motsa kaɗan ya kauce. In kai babba ne kuma muryar teno ce ta ja ka, irin mai kaurin nan da ake ji a kiɗan Fela, babu laifi ka fara da shi, sai dai ka san ya fi tsada, ya fi nauyi a wuya. Yadda ake ɗora yatsu iri ɗaya ne a dukansu, wanda ya iya alto ba sabon karatu zai soma a teno ba.

Mataki na biyu: ka nemo mai gyara tun kafin ka nemo kaya

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, ni ma na tsallake shi. Kafin ka taya kowane saksofon, ka samu mutum ɗaya da ya iya busawa wanda zai raka ka, da mutum ɗaya da ya iya gyara. Sau da yawa mutum ɗaya ne. A arewa ba a samun su da allon talla a bakin titi. Inda ake samun su shi ne wurin masu badujala a barikin soja da na 'yan sanda, da mawaƙan manyan coci-coci a Jos, Kaduna da unguwar Sabon Gari a Kano, da sashen koyar da kiɗa a kwalejojin ilimi da ke da shi. A Legas kuwa makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan matattarar masu busa ce.

In ka same shi, ka yi masa tambaya biyu: wane suna ne yake karɓar gyaransa, wane ne kuma ba ya taɓawa? Amsarsa ta fi duk sharhin da za ka karanta a shafin masu sayarwa. Akwai saksofon da ƙarfen maɓallansa taushi gare shi, a daidaita shi yau, bayan sati biyu ya sake lanƙwashewa. Mai gyaran da ya san mutuncin aikinsa zai gaya maka gaskiya, don ba ya son ka riƙa dawo masa da abu ɗaya kana ganin kamar shi ne bai iya ba. Ka kuma yi shirin sallamarsa ranar da zai raka ka, kuɗin mota da na goro. Shi ne kuɗi mafi albarka a duk cinikin.

Mataki na uku: kasafin kuɗi da sunayen da za ka riƙe

Kasuwar hawa uku ce. A sama akwai na ƙwararru, irin su Selmer na Faransa da Yanagisawa na Japan. Ka wuce su, ba naka ba ne yanzu. A tsakiya akwai na ɗalibai daga kamfanonin da aka sani: Yamaha YAS-280, wanda sabonsa a Turai ba ya nisa da Yuro 1,000, da wanda ya gabace shi YAS-275, da tsohon YAS-23 da ya yi shekaru yana yawo a makarantun Amurka, sai kuma Jupiter na Taiwan. A ƙasa akwai tarin waɗanda ake ƙerawa a Sin a buga musu kowane suna mai saro ya ga dama, ana samun su daga Dala 200 zuwa 400 a shafukan waje.

Ba zan ce duk na ƙasan nan shara ba ne. Wasu suna busuwa sarai in mai gyara ya bi ta kansu. Matsalar ita ce sunan da ke jiki ba ya gaya maka komai: biyu masu suna ɗaya, a shago ɗaya, ɗaya lafiyayye ɗaya mai yoyo. Ra'ayina shi ne, tsohon Yamaha mai tabo a jiki ya fi sabon marar asali mai walƙiya, domin ranar da ka gaji da shi ko ka so ƙarin girma, za ka sayar da shi kusan yadda ka saya. Wancan kuwa da ka fita da shi daga shago rabin kuɗinka ya tafi. Araha ba ta ado.

Duk abin da ka tanada, kada ka zuba shi duka a kan ƙahon. Ka ware wani kaso, kamar ɗaya bisa biyar, don gyaran farko da ƙananan kaya.

Mataki na huɗu: in shago za ka

A Najeriya babbar matattarar kayan kiɗa ita ce kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas, kuma yawancin shagunan da ke sayar da jita, madannin kiɗa da lasifika a garuruwan arewa daga can suke saro kaya. Ka sani cewa mai shagon lasifika ba lallai ya san saksofon ba. Yana iya rantse maka cewa sabo ne dal, kuma gaskiya ya faɗa, amma sabo ma yana zuwa da yoyo, don tafiyar kwantena da jifan 'yan dako ba ƙaramin abu ba ne. Shagon da ya ce ba a busa kaya sai an biya, ka yi masa sallama.

Ka tafi da bakin busa naka da rid ɗinka. Rid shi ne siririn ɓarin karan nan da ake ɗaurewa a bakin busa, shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Algaita guda biyu take da shi a haɗe, saksofon ɗaya. Bakin da ke cikin akwatin shago ba ka san baki nawa ya shiga ba, kuma in shi ne marar kyau zai sa ka ƙi ƙaho mai kyau.

Ka fara da ido. Ka cire wuyan, ka leƙa ta saman gangar jikin kamar mai duba gorar da za a yi sanda, ka ga ko miƙe take. Ka duba wuyan kansa: in an taɓa danne shi ƙasa za ka ga gefensa ya ɗan baje, kuma wannan yana ɓata sauti. Ka mayar da shi mazauninsa, ka ɗaure sukurun. Ya kamata ya shiga sumul, ya zauna daram, ba ya girgiɗi. Sannan ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kana dannawa a hankali. Mai lafiya yana rufewa da ɗan sauti kamar an buga bakin tulu da tafin hannu, ya kuma tashi da kansa da ka ɗaga yatsa. Ka riƙe kowane dogon sandan maɓalli ka ɗan motsa shi gefe da gefe. In yana wasa kamar haƙorin da ya kusa fita, aikin ƙira ne marar kyau ko kuma ya ci duniya.

Sai gwajin haske. 'Yar fitila siririya mai igiya ake zurawa ciki, a wuri mai duhu, a danna maɓalli da ƙarfin da ake busa da shi kawai, kada a matse. Matsewa tana ɓoye yoyo. In babu fitila, ka yanko siririyar takarda marar kauri, ka sa ta tsakanin fata da bakin rami, ka rufe, ka ja. Ka yi haka a kusurwa huɗu na kowane babban murfi. Inda ta zare ba tare da ta ɗan turje ba, nan iska ke fita.

Yanzu abokin rakiyarka ya busa. Kada ka bari ya burge ka da gudun yatsu, gwani yana iya tilasta wa ƙaho mai yoyo ya yi magana. Ka roƙe shi ya sauka can ƙasa, sautuka uku ko huɗu na ƙarshe, ya busa su a hankali kamar mai raɗa. A nan asirin saksofon ke tonuwa. In sun fito lumui ba tare da ya ƙara ƙarfi ba, kun samu. Daga nan ya gwada maɓallin babban yatsan hagu, mai ɗaga sauti zuwa hawa na sama. Ƙananan ramuka biyu yake sarrafawa, ɗaya a wuya ɗaya a jiki, kuma ba a son su buɗe tare. Ya gwada maɓallin sautin G mai kaifi (G#) shi ma, don ya yi ƙaurin suna wajen mannewa.

Na ƙarshe, ka buɗe manhajar gwada sauti a wayarka. Kada ka firgita in ya danna sautin C manhajar ta nuna E mai taushi (E♭), haka alto yake, sunan da ke yatsa daban da wanda ke fita. Abin dubawa shi ne, bayan an daidaita bakin busa a kan wuya, sauti ɗaya a hawan ƙasa da na sama su zo kusa da juna. Ɗan bambanci kowane saksofon yana da shi. In allurar tana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, mai yiwuwa ramukan ne ba a huda su daidai ba, kuma wannan da wuya mai gyara ya iya masa.

In komai ya yi, ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da suna, samfuri da lambar jiki, wadda ke bayan ƙahon kusa da maƙalin babban yatsan dama. Ka nemi a rubuta kwanakin da za ka iya dawo da shi. Alkawarin baki a kasuwa ka san inda yake ƙarewa.

Mataki na biyar: na hannu

Abin dariya, mutumin da ya ƙirƙiro saksofon, Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam ne, an haife shi a garin Dinant a 1814, ya yi wa abin rajista a Paris a 1846. To ga shi yau in mai shago ya ce maka "wannan Beljiyam ne", na hannu yake nufi, kamar yadda ake faɗa a kan motoci.

Duk gwajin da ke sama ya hau kan na hannu, sai ƙari kaɗan. Ka fara da hanci: ka buɗe akwatin ka shinshina. Warin rima yana nufin fatun sun sha danshi, kuma warin ba ya fita da sauƙi. Ka leƙa fatun. Masu kyau launin ƙasa-ƙasa ne, da taushi. Waɗanda suka yi baƙi, suka bushe ƙamas ko suka tsage, sauyawa za a yi. Biyu ko uku ba komai ba ne, ka rage a farashi. In duka ne, ka tambayi mai gyara kuɗin aikin kafin ka taya, domin sauya fatu gaba ɗaya yakan kai kuɗin wani ƙaramin saksofon ɗin. Gogewar fenti da ƙananan tabo ba sa taɓa sauti, su ne ma abin da za ka riƙe wajen neman ragi. Lotsawar da ke kusa da bakin rami ko a wuya, ita ce abin gudu.

Mataki na shida: in ta intanet ne

Intanet kasuwa uku ce, kuma kowacce da irin tsaron da ake yi mata.

Akwai shafukan talla irin su Jiji da kasuwar Facebook, inda shafin haɗa ku kawai yake yi, ruwansa ba ya cikin kuɗinka. A nan ka ɗauki tallar a matsayin adireshi. Ku haɗu ido da ido a wuri mai jama'a, kai da abokin rakiyarka, a gwada, sannan ka tura kuɗi. Mai cewa ka fara turo rabi ya sa a mota, cinikin biri a sama yake so ku yi. In garin da nisa, ka nemi wani mai busa a can ya je a madadinka. Mafi ƙaranci, ku yi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna lambar jiki, ya busa sautukan ƙasa kana kallo. Bidiyon da aka riga aka ɗauka ba hujja ba ne.

Akwai manyan shagunan intanet na cikin gida irin su Jumia da Konga, inda 'yan kasuwa daban-daban ke baje kaya. Ka karanta sharaɗin mayar da kaya na wannan kayan takamaimai, ka ƙirga kwanakin, ka shirya da mai gyaranka tun kafin kayan su iso, don kada wa'adin ya ƙare akwatin na jingine a ɗaka.

Sai na waje: Thomann na Jamus, wanda ke ba da kwana 30 na mayarwa, da Amazon, eBay, Reverb da AliExpress. Farashin da ka gani a allo ba shi ne abin da za ka biya ba. Ka haɗa da kuɗin jigila, da na kwastan, da canjin kuɗi na ranar. Ka kuma tuna cewa damar mayarwa tana da daɗin ji, amma aika akwati mai wannan girma daga Kano zuwa Turai wani kuɗin ne mai zaman kansa. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje, ya fi sauƙi a aika masa, a gwada a can, ya riƙo maka a hannu cikin jirgi. Akwatin alto yawanci yana shiga ma'ajiyar saman kujera, amma ya tambayi kamfanin jirgin tukuna.

Jabu ya yi yawa a wannan fage, kuma manyan sunaye ake kwaikwaya. In ka ga an sa Selmer Mark VI "sabo fil" da kuɗin wayar hannu, ka wuce: alto da teno na wannan samfuri tun tsakiyar shekarun 1970 aka daina ƙera su, kuma na gasken dubban daloli ne. Haka manyan samfuran Yamaha da ake tallarsu a kashi ɗaya bisa goma na kuɗinsu. Ka nemi hoton rubutun da aka zana a bakin ƙahon da na lambar jiki, ka tura wa wanda ya taɓa riƙe na asali.

Ranar da kaya suka iso, ka ɗauki bidiyo tun daga yanke kwali. Sabon saksofon yakan zo da 'yan ƙananan toshe da aka cusa don maɓallai su zauna a rufe a hanya. Ka zare su a hankali, ka tabbatar babu wanda ya rage, don guda ɗaya ya isa ya sa ka yi zaton kayan sun lalace. Murfin roban da ke saman gangar jiki kuwa kada ka yar, shi ke kare ɗan sandan da ke leƙowa a wurin duk lokacin da ka mayar da ƙahon akwati.

Mataki na bakwai: ƙananan kayan da za ka haɗa a rana ɗaya

In saksofon ɗinka marar suna ne, ka sauya bakin busarsa da Yamaha 4C. Ba shi da tsada, kuma shi kaɗai yakan sauya muryar ƙaho. Ka sayi kwalin rid mai lamba 2, ko 1.5 in yaro ne, na Rico mai kwali ruwan lemo ko Vandoren mai shuɗi. Goma ne a kwalin alto, kuma kada ka yi mamaki in uku ko huɗu ba su yi maka daɗi ba, kara ne, ba roba ba. Vandoren ya ɗan fi Rico tauri a lamba ɗaya. Sai maratayin wuya mai faɗi, da tsumman goge ciki mai igiya, da man shafa wa toton da ke bakin wuya don bakin busa ya shiga ba tare da ya yage shi ba.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin. Da hunturu rid yana bushewa ya kanannaɗe a baki, don haka ka jiƙa shi a ruwa minti ɗaya ko biyu kafin ka ɗaura, in ka gama ka cire shi ka mayar cikin gidansa. Ƙura tana shiga gaɓoɓin maɓallai, kada ka bar ƙahon a waje ya kwana. Kada ka bar shi a but ɗin mota da rana, zafi yana sassauta ɗankon da ke riƙe fatun. Da damina kuma ka goge cikinsa sosai, ka bar akwatin a buɗe na ɗan lokaci kafin ka rufe. Man goge tagulla kada ya kusance shi, fentin zai ci. In ka sha zoɓo, kunun zaƙi ko lemo, ka kurkure baki kafin ka busa, domin sukarin yana bin numfashi ya sauka a kan fatu, gobe ka ji maɓallin G mai kaifi ya manne yana ɗas-ɗas. In hakan ta faru, ka sa tsaftatacciyar takarda a ƙarƙashin murfin, ka danna a hankali, ka ja ta sau biyu ko uku.

Bayan wata guda da fara busawa, ka sake kai shi wurin mai gyara ya zura fitila. Sababbin fatu suna zama a kan ramukansu a 'yan makonnin farko, kuma ɗaya ko biyu sukan buƙaci a ɗan taɓa su.